Mai famfo ko mai ɗana kanta? Amsar da na bai wa ɗan ƙanwata a Umdurman

Ranar Larabar da ta wuce, bayan la'asar, ina zaune wajen wata mai shayi a Umdurman sai ɗan ƙanwata ya jawo kujera ya matso kusa da ni. Ko taɓa shayin da na sa aka zuba masa bai yi ba, ya miƙo mini wayarsa. Hotunan bindigogi biyu ne a ciki, duka irin wadda muke kira khartush a nan, wato bindigar farauta mai watsa ƙwayoyin dalma. Ya rage murya ya ce, "Kawu, kai ka yi farautar zabi da su Baba a gefen Mai Wurno, ka san kan abin nan. Wacce zan saya, mai famfo ko mai ɗana kanta?"

Na san abin da ya kawo tambayar. Yaron nan ya bar gidansa a makonnin farko na yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, ya kwashi matarsa da 'ya'ya uku zuwa Gadarif. Bayan sojoji sun karɓe Khartum a watan Maris na 2025 ya dawo ya tarar da kango. 'Yan shafshafa sun cire ƙofofi da tagogi, sun zare wayoyin lantarki daga jikin bango, ko tabarma ba su bari ba. Ya ci bashi ya gyara ɗaki ɗaya ya maido da iyalinsa. Yanzu da dare ko kyanwa ce ta taka kwanon rufi sai ya miƙe zaune. Wanda bai kwana a irin wannan gida ba, kada ya yi saurin zarginsa.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. A Mayo da Umbadda da Hajj Yusuf, duk inda mutanenmu suka koma gidajensu, wannan magana tana yawo a bakin matasa da magidanta, a ƙofar masallaci da cikin WhatsApp. Shi ya sa na ga ya dace in kawo amsar da na ba shi a wannan shafi, in faɗe ta a fili yadda kowa zai ji.

Bari in fara da ba tambayar haƙƙinta, don ba na son a ce na kauce mata.

Mai famfo da hannu ake ɗana ta. Akwai mariƙi a ƙarƙashin bututunta. In ka harba sai ka ja shi baya ya tofar da kwanson da ya ƙone, ka tura shi gaba ya ɗora sabo. Fitattun irinta su ne Remington 870 da ta fito a 1950, da Mossberg 500 da ta biyo bayanta a farkon shekarun 1960, dukkansu ƙirar Amurka. Kayan cikinta ba su da yawa, kuɗinta da dama-dama, kuma ba ta da tsirfa: kusan kowane harsashi na girmanta ka ba ta za ta ci, mai ƙarfi ko mai rauni. Aibinta yana hannun mai riƙe da ita. Mutumin da tsoro ya kama yakan ja mariƙin rabi ya mayar, sai bindiga ta cije a daidai lokacin da yake buƙatarta. Sannan tana da shuri. Duk wanda bai saba ba, kafaɗarsa za ta ba shi labari.

Ita kuwa mai ɗana kanta, da ƙarfin harbin farko take shirya na biyu. Wasu suna amfani da iskar da alburushi ya haifar, wasu da ƙarfin shurin kansa. Kai dai naka taɓa kunama, kowace taɓawa harbi ɗaya. John Browning ne ya fito da ta farko da ta karɓu, Auto-5, a farkon ƙarni na 20, kuma a yau wadda ake yawan ambato ita ce Benelli M4 ta Italiya, wadda sojojin Amurka suka zaɓa a 1999. Ta fi sauri, kuma masu aiki da iska sun fi sauƙin shuri. Amma fa ta fi tsada, tana son harsashi mai kyau, tana son wanki da mai a kan kari. A garin da habub ke tasowa ta cika har cikin tukunyar miya da ƙura, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Masu araha da aka kwaikwaya, waɗanda su ne suka fi zuwa hannun talaka, sun fi kowace saurin cijewa.

Saboda haka na ce masa, in ƙarfe da ƙarfe za a gwada, ga mutum mai ƙaramin ƙarfi a gari mai ƙura, mai famfo ta fi. Duk wani tsohon maharbi zai gaya maka haka. Ya yi murmushi zai karɓi wayarsa, sai na riƙe ta na ce, "Tsaya, ɗana, ban gama ba. Shawarata ita ce kada ka sayi ko ɗaya."

Dalilina na farko shi ne abin da bindigar za ta iya da wanda ba za ta iya ba. Khartush, kowace iri ce, makamin kusa ne. Bayan mita 40 zuwa 50 ƙwayoyinta sun watse, ƙarfinsu ya ragu. Cikinta harsashi biyar ne zuwa takwas a mafi yawansu. Kalash kuwa tana ɗaukar 30 a gidan harsashi ɗaya, tana kuma kai wa mita 300. To wa ke shiga gidajen mutane a wannan gari tun da aka fara yaƙi? Ba ɓarawon akuya mai wuƙa ba ne. Mutane ne uku ko huɗu a kan babura, kowa da Kalash a kafaɗa. In ka harba ɗaya daga bayan ƙofa, abin da ka yi shi ne ka shaida musu cewa akwai makami a gidan, kuma amsar da za su bayar ba za ta bambance tsakanin kai da jaririnka ba. Fashin da zai iya ƙarewa da asarar waya da 'yan kuɗi sai ya ƙare da jana'iza.

Kuma mu tuna abin da ya fi kashe mutanenmu a babban birnin nan. Harin sama da ya faɗa kasuwar Goro a Mayo a watan Satumba na 2023 ya kashe fiye da mutum 40. Luguden da aka yi wa kasuwar Sabrin a Umdurman ranar 1 ga Fabrairu, 2025, ya kashe fiye da 50. Wace khartush ce za ta tare jirgi marar matuƙi ko harsashin igwa? Babu.

Dalili na biyu yana cikin gidan kansa. Mu nan da zafi a tsakar gida muke kwana, kowa a kan angarib ɗinsa, yara a gefe, tsohuwa a can kusa da randa. Wutar lantarki sai an ga dama. Ka ɗauka ƙarfe biyun dare ka ji motsi a bakin katanga, ka zabura cikin magagin barci ka harba. Harsashi ɗaya na manyan ƙwayoyi yana ɗauke da dalma takwas ko tara, kowace tana iya huda ƙofar kwano ta wuce. Wa ke bayan ƙofar? Wataƙila ƙanenka ne da ya dawo a makare yana gudun ya tashe ku. Wataƙila ɗan maƙwabci ne ya haura neman ruwa. A nan saurin mai ɗana kanta ya zama musiba, domin kafin hankalinka ya dawo ka saki uku. Da rana kuma kana kasuwa, bindiga tana ƙarƙashin katifa, a gida akwai yaran da suka shekara biyu suna kallon masu makamai a matsayin manyan gari. Malamanmu sun sha gaya mana cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, saboda hannu yana iya kuɓucewa. Yaro ɗan shekara tara bai san wannan ba.

Dalili na uku shi ne ya fi nauyi, kuma namu ne mu Hausawan Sudan musamman. Bindiga ɗaya ce, amma ba fassara ɗaya ake yi mata a kowane gida ba. In aka same ta a gidan wanda kawunsa hafsa ne, sunan kakansa sananne a gari, sai a ce mai gida ne yake kare iyalinsa. In aka same ta a gidanka, a unguwar da Da'am suka riƙe kusan shekara biyu, kuma aka ji kana yi wa matarka magana da harshen da mai binciken bai sani ba, tambayar farko ita ce wa ya ba ka, ta biyu kuma da su wa kake aiki. Kalmar "muta'awin" ta halaka mutane da yawa a wannan yaƙi. A farkon Afrilu na 2025 Volker Türk, shugaban ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya fito ya yi tir da rahotannin kashe mutane ba tare da shari'a ba a Khartum bisa zargin haɗa kai da Da'am, har da yankin Janub al-Hizam inda talakawanmu suke da yawa. A watan Janairu na shekarar an ga abin da ya faru da mazauna kanabi a Jazira bayan karɓe Wad Madani, har rundunar soja da kanta ta fito ta ce an yi ta'asa, aka kafa kwamitin bincike. Mutumin da ake iya tsarewa a irtikaz saboda kamannin fuskarsa, ya za a yi ya ajiye wa masu zarginsa hujja a ƙarƙashin gado?

Kakanninmu sun zo ƙasar nan tun kafin a haifi kakannin wasu masu tambayarmu takarda. Wasu hanyar Hajji ce ta kawo su, wasu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu. Da guminsu aka noma audugar Jazira da dawar Gadarif. Duk da haka, kowa a cikinmu ya san yadda ake ɗaga gira in ka je neman rakam watani. Wannan zalunci ne, kuma ba za mu daina faɗa ba. Amma mai hankali yana lissafi da duniyar da yake ciki, ba da wadda yake fata ba.

Na san abin da wasunku za su ce, domin ɗan ƙanwata ma ya faɗa. Ya ce, "Kawu, ka manta 2022?" Ban manta ba, wallahi. A watan Yuli na shekarar, rikicin ƙasa da sarauta a jihar Shuɗin Nilu ya ci fiye da mutum 100 a Rusairis da Gaisan da kewaye. A watan Oktoba aka sake kashe fiye da 200 a Wad al-Mahi. Dubban mutanenmu suka bar gonakinsu. Da muka fito zanga-zanga a Khartum a watan Yulin, barkonon tsohuwa muka sha. Wanda ya ga wannan ya ce ba zai sake zama hannu rabbana ba, ina fahimtarsa. Addini bai hana mutum kare ransa da iyalinsa da dukiyarsa ba, dokar ƙasa ma ba ta hana ba.

To amma mu duba abin da ya faru a inda aka gwada wannan magani. 'Yan'uwanmu na Zamfara a Najeriya sun riga mu shiga wannan rami. Da ɓarayin shanu suka addabi ƙauyuka, jama'a suka kafa 'yan sa-kai da bindigogin toka da na farauta. Da farko an yi murna. Daga baya 'yan sa-kai suka fara kama duk Bafulatanin da suka gani a kasuwa, dangin waɗanda aka kashe suka shiga daji suka sayo Kalash, ramuwa ta haifi ramuwa har ƙauyuka suka zama kufai. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta kai ga cewa kowa ya nemi lasisin bindiga ya kare kansa, manyan jami'an tsaron ƙasar suka ce gwamna ba shi da wannan iko. Har yau kukan 'yan sa-kai a can ɗaya ne: su mai famfo gare su, 'yan bindiga kuwa AK-47. An gudu gara an faɗa zago. Su ma fa a can su ne masu rinjaye a ƙasarsu, sarakuna nasu, gwamnoni nasu. Ina ga mu?

Mu a Sudan ma ba sai mun tsallaka iyaka ba. Darfur ta nuna mana ƙarshen raba makamai ga ƙabilu. Rundunar da ta shiga gidajenmu a 2023 daga irin wannan rabon ta samo asali. A 2017 gwamnati ta yi gangamin karɓe makamai a Darfur, amma abin da ya riga ya bazu ba ya taruwa da sanarwa. Cibiyar Small Arms Survey da ke Jeniba ta ƙiyasta cewa a wannan shekarar akwai bindigogi fiye da miliyan 2 da dubu 700 a hannun farar hula a Sudan, tun kafin yaƙin nan ke nan. A watan Yuli na 2024 Amnesty International ta fitar da rahoton da ya nuna yadda bindigogin farauta daga Turkiyya, da ɗaruruwan dubban bindigogin ƙara marasa harsashi da ake iya juyawa su zama na kisa, suka kwararo ƙasar nan. Wato ƙasar ba ta taɓa ƙarancin bindiga ba. Da yawanta yana kawo aminci, da mun fi kowa barci.

Sannan akwai maganar inda za a sayo ta. Bindigar da ake tallata wa a waya a yau, ba ka san hannun da ta fito ba. Wataƙila daga gidan wani aka sace ta, wataƙila an kashe rai da ita. Dokar makamai ta 1986 tana nan ba a soke ta ba, kuma riƙe bindiga ba lasisi laifi ne mai kai mutum kurkuku. Ranar da hukuma ta tashi binciken gida-gida, kun san unguwannin da ake farawa da su.

To me za a yi, a zauna a naɗe hannu? A'a. Ga abin da na gaya wa ɗan ƙanwata, kuma nake gaya wa kowane magidanci.

Kuɗin bindigar nan, ka sa ƙofar ƙarfe mai sakata biyu, ka ɗaga katanga, ka sayi fitila mai aiki da hasken rana ka kafa a ƙofar gida. Ɓarawo ya fi tsoron haske da hayaniya fiye da yadda muke zato. Ka tattara takardunka da na matarka da na yara, rakam watani da takardar haihuwa da ta gida, ka ɗauki hotonsu ka aika wa ɗan'uwa a wani gari. A irtikaz takarda ta fi harsashi ceton rai.

Abu mafi muhimmanci, ka fita ka gaisa da maƙwabtanka, na kowace ƙabila. In za a yi sintiri, a yi na unguwa gaba ɗaya, da Bahaushe da Banube da Bajaali da mutumin Dutsen Nuba a layi ɗaya, da sanin ofishin 'yan sanda mafi kusa, da usur da tocila da lambobin waya. Kada mu yarda a ce ga "sintirin Hausawa". Ranar da aka sa wa ƙungiyar tsaro sunan ƙabila, ranar aka rubuta sammacinta. Mun ga abin da ya riƙe garin nan a cikin yunwa: takaya da ɗakunan agajin gaggawa na matasa, inda ake zuba wa kowa wake da adas ba a tambayi asalinsa ba. Matanmu da samarinmu da suka yi aiki a waɗannan tukwane sun sama mana shaidu a unguwanni, mutanen da za su tsaya su ce "wannan namu ne, mun san shi" ranar da aka zo tambaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

In kuma sana'arka ta tilasta, kamar mai gona a bayan gari ko mai gadin rumbu, to ka bi ta ƙofa. Ka nemi lasisi wurin 'yan sanda da sunanka, ka koyi riƙo a hannun wanda ya iya, ka kulle bindiga wuri ɗaya harsashi wani wuri, makulli a aljihunka. A irin wannan hali ne kawai amsata ta farko take aiki, wato mai famfo, saboda jinkirin da ke tsakanin harbi da harbi yana ba hankali damar ya riski hannu. Wanda kuma ya dawo ya tarar da makami ko harsashi ko wani ƙarfe da bai fashe ba a gidansa, kada ya taɓa, kada ya ɓoye. Ya kira shugaban unguwa da shaidu a sanar da hukuma.

Ga hukuma kuwa, maganata gajeriya ce. Ba za ku ce wa mutane su ajiye makami ba alhali ofishin 'yan sanda a rufe yake, ko in an kira ba mai zuwa. A buɗe ofisoshi a Mayo da Umbadda da Dar es Salam kamar yadda ake buɗe su a tsakiyar gari. A karɓe makamai daga kowa da mudu ɗaya, a fara da masu yawo da su a kan babura da rabin kaki. Wanda ake zargi a kai shi gaban alƙali. Su kuma sarakunanmu da umdodi da limamai, lokacin shiru ya wuce. Ku yi magana a huɗuba da wurin ɗaurin aure da zaman makoki, kafin dillalan bindiga su gama yi wa 'ya'yanku huɗubarsu a waya.

Da na gama, ɗan ƙanwata ya daɗe yana juya kofin shayin da ya riga ya huce. Sai ya ce, "Kawu, in sun zo da dare fa?" Na ce masa ba ni da amsar da za ta cire wannan tsoro, kuma duk wanda ya ce yana da ita ƙarya yake yi, mai sayar da bindigar ma haka. Abin da na sani shi ne na fi son in zo in taya shi jajen waya da kuɗi a kan in zo in karɓi gaisuwarsa, ko in riƙa kai masa abinci kurkuku. Ya sa wayar a aljihu bai ce komai ba. Jiya mahaifiyarsa ta gaya mini ya je wajen mai walda yana tambayar kuɗin ƙofa. Ko ya goge hotunan nan daga wayarsa, wannan ban tambaya ba.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya mayar da kowa ɗakinsa cikin aminci.